Ranar da Na Daka Rairayi

Makon jiya aka rushe rumfar Lawali bakanike da ke bakin tasha. An ce shagon sayar da waya za a gina a wurin. Ban je na gani ba, don ni ba mai fita ba ce, tun ina yarinya ƙafata ba ta son titi. Daga tsakar gida na ji faɗuwar kwanon rufin, na ce wa matar ɗana wannan daga wajen tasha ne, ta leƙa ta dawo ta ce haka ne. Lawali kansa ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, maigidana ma haka, Inna uwarsa kuwa ba a magana. Sai na duba na ga duk waɗanda suka san abin da ya faru a gidan nan a shekarar babban fari sun ƙare, saura ni, ni kuma da na saura har yau ban gane kan abin ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan karatun yaƙi da jahilci da na yi da girmana, ko wani mai hankali zai karanta ya gaya mini, daidai na yi ko kuskure.

A da garinmu Matameye da turmi take tashi. Kafin rana ta hau bango taɓarya ta fara amsa wa taɓarya, daga wannan gida zuwa wancan, har bayan gari. Abin da ya fi daɗi shi ne lugude, wato mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, in hannu ya yi daɗi a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Inna, uwar maigidana, takan ce ita daga kan tabarmarta take sanin gidan da aka kwana da faɗa, don dakan fushi daban yake. Yanzu yarinya ta ɗauki bokiti ta kai inji, kafin ki gama alwala ta dawo da gari mai zafi mai warin ƙarfe. Ba na cewa ba a huta ba, an huta, kafaɗata ta san abin da ta gani. Amma garin ya koma murya ɗaya. Ga inji na gurnani, ga ƙananan baburan haya sun cika ko'ina suna kuka kamar sauro, na Audu da na Garba duk ɗaya, ba ki iya cewa ga wane nan ya dawo.

Babur ɗin maigidana ba irin waɗannan ba ne. Tsoho ne tun ranar da ya shigo gidan, baƙi, mai nauyi kamar bijimi. Wani Bature na kamfanin gyaɗa ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu, bayan maigidana ya yi shekaru yana wanke masa shi yana kai masa saƙo. Silinda biyu gare shi, wato tukwane biyu da wuta ke ci a ciki, da kafireta biyu masu ba su mai, da salansa biyu masu fitar da hayaƙi, ɗaya dama ɗaya hagu. Gari ya sa masa suna Tagwaye, maigidana ya zama Mai Tagwaye har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa, abin da ya yi mini daɗi tunda ni dama ba na faɗin sunan. Da shi yake kai 'yan kasuwa Dungu da Kurni da ƙauyukan bakin iyaka, mutum biyu a baya, buhu a kan kariya, wato ƙarfen ɗaura kaya, wata rana har da akuya a ɗaure kan tanki tana ihu. Da shi muke ci. A zaure yake kwana, yana ɗigar da baƙin mai a ƙasa, Inna tana mita tana zuba toka a wurin.

Ina amarya, ban cika wata biyu ba, wata safiya ya tada shi a zaure ya bar shi yana huci. Ina wanke-wanke. Ban san a fili na yi maganar ba, na ce, "Na hagun nan rago ne." Sai ga shi ya shigo.

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

"Na ji ki. Wane ne rago?"

Na ja mayafi na rufe fuska na ce, "Lugude suke yi su biyu. Ɗaya na saukewa da ƙarfi, ɗaya na jan hannu. Mai kaurin muryar nan ne."

Na hagun ne mai kaurin murya, don salansarsa ta taɓa lotsewa. Ya koma ya zare wayar buji mai kai wuta ga silindar dama, babur ya yi tari biyu ya mutu. Ya mayar, ya sake tadawa, ya zare ta hagu, babur ya ci gaba da abinsa kamar ba a taɓa shi ba. Ya dawo ya tsaya yana kallona. Ya ce, "A gidanku akwai bakanike ne?" Na ce, "Akwai turmi."

Daga ranar na zama mai gyara ban san sunan ƙarfe ko ɗaya ba. Kowace kafireta tana da ɗan noti da ake juyawa, in ba su zo daidai ba ɗaya silinda ta bar wa ɗaya aiki. Shi yana juyawa, ni ina ji. Sai dai zaurenmu ba ya rabuwa da maza, kuma a lokacinmu mace ba ta ɗaga murya daga cikin gida ta gyara wa mijinta aiki maza na ji. Shi ma bai so a sani ba, a ce Mai Tagwaye matarsa ke riƙe masa kunne. Sai muka yi dabara. In yana gyara, ni in hau daka. Bugu ɗai-ɗai, na hagu ne a baya. Bugu bibbiyu, na dama ne. Ina yi ba na tsayawa har su daidaita, sannan in cilla taɓarya in tafa. Shekaru muna haka ba wanda ya lura, don wa zai lura da turmi ɗaya cikin turamen gari? Maza na ta yabonsa wai yana da hannu. Inna ta sani, ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Sai ruwa ya ɗauke. Ba zan iya ce muku wace shekara ba, mu shekarar jar dawa muke ce mata, saboda dawar taimako da ake kawowa a manyan motoci, ja wur, tuwonta kamar laka. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye. Muka ci tafasa, muka ci 'ya'yan anza da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita, na ga mata suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe ƙasar don ƙwayar hatsi. Makiyaya da dabbobinsu suka ƙare suka zo suka kafa tsummoki a bayan gari. Soja ne ke mulki a lokacin. Ni dai ban san yadda aka yi ba, an ce a rediyo an yi magana, aka wayi gari kumandan mai kaki ne a ofis. Abin da na sani shi ne an yi shela duk wanda ya ɓoye hatsi ya kuka da kansa, kuma an fasa ɗakin ajiyar wani ɗan kasuwa aka zaunar da shi a rana ƙofar ofis yini guda ba hula. Turame suka yi shiru. Mai ɗan tafin hannu na dawa a hankali take dakawa, cikin ɗaki, da sauri, kamar mai sata. Ban taɓa sanin shiru na da nauyi ba sai a shekarar.

Maza suka fara tafiya. Kowace ranar kasuwa kamiyo, babbar motar kaya, ya cika ya nufi kudu, Kano, wasu har Ikko. Wasu sukan aiko, wasu shiru ke nan har yau. Maigidana ya yi ta haƙuri har fasinja ya ƙare ƙaf, don mai yunwa da ƙafa yake zuwa kasuwa. Ran nan yana shan ruwan kunu ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Kasuwa mai zuwa zan bi mota." Ni na shiga ɗaki. Ina goyon 'yar fari a lokacin, kuma ni mutum ce da ko gidanmu na je kwana ɗaya sai in ji kamar an tsige ni. Abin da nake so a duniya bai wuce ɗaya ba, kowa ya kwana a gida.

Kwana biyu bayan haka mai shela ya bi gari. Wai ranar bikin da soja ke yi na hawansu mulki za a yi tsere. An so na dawaki, aka duba aka ga dawakan ko sirdi ba sa iya ɗauka, kumandan ya ce to a yi na babura. Daga ƙofar ofis har tsamiyar nan ta hanyar Damagaram a dawo, a kan kwalta. Wanda ya zo na fari buhu uku na dawa. Abin ya ɗaure mini kai, har gobe yana ɗaure mini. Mutane na tonon tururuwa a ce a ƙona isansi, man babur, a yi gudu? In akwai buhu uku me ya sa sai an yi gudu kafin a ci? Na tambayi Inna, ta ce, "Yarinya, mai bindiga ba ya bayani." Amma maigidana ya shigo idonsa na ƙyalli. Ya ce, "Buhu uku, in an lallaɓa, za su kai mu har sabon gero. In na ci ba inda za ni. Ni zan shuka gonar nan da hannuna." Daga jin haka na daina tambayar ko tseren na da ma'ana.

Washegari ya kira Lawali. Ina jin su ta bango.

"Mai Tagwaye, ka rufa wa kanka asiri. Wannan jakin kaya ne. Ma'aikacin duwan nan, ɗan kwastan, yana da sabo fil mai silinda ɗaya, mara nauyi, kafin ka sa giya ta biyu ya kai kasuwa."

"Ya kai kasuwa. Daga kasuwa fa? Har tsamiya aka ce. Nasa numfashi ɗaya gare shi, nawa biyu."

"Numfashin tsofaffi biyu."

"Tsofaffin da suka ɗauki surukinka da buhun gawayi suka hau tudun Kurni."

"To ai ka faɗa da bakinka. Gawayi."

Suka yi ta yi har Lawali ya gaji ya ce a kawo kayan aiki. Kwana biyar suna fama. Suka cire kariya, suka cire wurin zaman baya, da fitila, da marfin tayoyi, duk abin da ke da nauyi, har Tagwaye ya koma kamar ɗan akuyan da aka feɗe. Lawali ya zaro hanjin salansa duka biyun don hayaƙi ya fita ba shamaki. Suka canza faifan haƙoran baya da sarƙa ke hawa, suka sa ƙarami, wai zai yi nauyin tashi amma in ya miƙe ba mai kama shi. Aka aiko a karɓi allurata, wai za a faɗaɗa ɗan ramin da mai ke bi. Aka sake aikowa a karɓi madubina na aure. Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Ashe shimfiɗa takardar yashi za su yi a kai su yi ta goga kan injin, don ba abin da ya kai madubi santsi da miƙewa, wai in an rage kan kaɗan wutar ciki za ta matsu ta ƙara ƙarfi. Yini biyu ina jin shuu, shuu, kamar ana niƙa a dutse. Na ji Lawali ya ce, "Ka sani fa, wanda muka goge ba za mu mayar ba. Bayan tsere ba zai ƙara son kaya ba." Maigidana ya ce, "Wane kayan? Wa ya rage da kayan ɗauka a garin nan?"

Ana gobe tsere da hantsi suka tada shi. Kajin da suka rage a unguwa suka watse, 'yata ta tsala ihu a bayana. Tagwaye da na sani mai magana a hankali ya koma mai ruri. Amma a cikin rurin na ji abin da na ji, na hagu yana baya, baya sosai. Lawali ne riƙe da noti, shi kuwa shekarun rumfa sun cinye masa kunne, ga zaure cike da 'yan kallo. Na ji yana cewa, "Ya yi! Haka za a bar shi!" In aka bar shi haka, silinda ɗaya ce za ta yi tseren tana jan 'yar'uwarta. Na jawo turmi daga inda aka kife shi, na kakkaɓe, na ɗaga taɓarya.

"Kul!" Inna ce daga ƙofar ɗakinta. "Ba a dukan turmi ba komai a cikinsa, ba a gidana ba. Yunwar da ke gari ba ta ishe ki ba, sai kin kira wata?"

Na ce, "Inna, to me zan zuba?"

Ta kau da kai ta ce, "Ke kika sani. Ki dai zuba wani abu."

Na duba tsakar gida, ba abin da ke akwai sai ƙasa. Na ɗebi rairayi ƙwarya biyu na zuba. Da na buga sai ya yi ta fantsama, sai hannuna da kansa ya yi abin da ya saba, na yayyafa ruwa kamar za a yi surfe. Na sauke taɓarya. Wallahi ni da na zuba shi da hannuna sai da yawuna ya tsinke. Ƙarar gero sak. Kuma dole in buga da ƙarfi, tunda babu hanjin salansa, in ba haka ba ba zai ji ni ba. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Na ji maigidana ya karɓi aikin daga hannun Lawali, na hagu ya fara tasowa. Sai Lawali ya ce, "Kai, ka ɓata!" ya mayar. Na koma ɗai-ɗai. Maigidana ya sake karɓa, ya zarce, na koma bibbiyu. Haka muka yi ta yi, shi da ni da kurman bakanike a tsakaninmu, tun hantsi har inuwa ta dawo gindin bango. Gumi ya jiƙa mini zane, cikina babu komai sai ruwan kunu, amma ban ji gajiya ba. Hankalina gaba ɗaya yana zaure. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa akwai wasu kunnuwa a garin. Can sai Tagwaye suka haɗu, dam-dam-dam-dam, ba mai jiran wani, ba mai wuce wani. Ban taɓa jin su haka ba. Na cilla taɓarya sama na tafa sau biyu na cafe. Aka kashe babur.

Da na juya, tsakar gida cike take da mata. Ta ƙofar danga suka shigo ban ji ba. Zuwaira maƙwabciyarmu ce a gaba, wadda ta yi mini wankan jego, bayanta matan unguwa, bayansu matan makiyaya da yara a kafaɗa. Kowace da ƙwarya a hannu.

"Sannu da aiki, amarya," in ji Zuwaira. Har lokacin amarya take ce mini. "Allah ya ƙara buɗi. Ba mu ce tsaba ba. Ko dusar ce ki sam mana, yaran tun jiya..."

Ta leƙa turmin. Ta sa hannu ta damƙo, ta murza. Ta daɗe tana kallon tafinta.

"Ina kika kai geron?"

"Babu gero, Yaya Zuwaira."

"Ni za ki gaya wa? Tun ba a haife ki ba nake daka. Surfe na ji da kunnena, har da tafi."

Wata daga baya ta ce, "Ta ji tafiyarmu ta juye."

In na faɗi gaskiya na tona wa maigidana asiri, maza na zaure suna ji. Sai ga shi da kansa a bakin ƙofa, hannu duk baƙin mai. Ya dube ni, ya dubi matan, ya faɗi abin da ya yi shekaru yana ɓoyewa. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Babur take gyarawa."

Matan suka dubi juna.

"Da turmi?" in ji Zuwaira.

"Da turmi. Ita ke jin..."

"Mai Tagwaye, ka ji tsoron Allah. In ba za ku bayar ba ku ce ba za ku bayar ba. Yunwa muke ji, ba hauka ba."

Daga zaure na ji Lawali ya fashe da dariya yana cewa mutumin nan akwai iya kare matarsa. Ko shi bai yarda ba. Har ya mutu bai yarda ba. Sai wata murya, ban ga mai ita ba, ta ce, "A bari soja su zo su duba mana." A nan Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar da take ɓoye ɗan abin da ya rage mana, jar dawa da ba ta cika ƙwarya ba, ta ajiye a tsakiya. Ta buɗe rumbu ta ce a leƙa. Ta kife tukwane ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, wannan ne kaɗai. Kuma duk ranar da hatsi ya shigo gidan nan, kowace ƙwarya da ke tsaye a nan tana da rabo." Suka fita ɗaya-ɗaya, ba wadda ta yi sallama. Maigidana ya ce a hankali, "Inna, kin manta gobe?" Ta ce, "Ban manta ba. Ka fi son a zaunar da kai a rana?"

Ban je kallon tseren ba. A gindin bango na tsaya da goyo. Na ji tashinsu, ƙananan suka yi tsuwwa suka wuce, Tagwaye na can baya yana gurnani kamar wanda aka tasa daga barci. Suka yi nisa har na daina ji. Ban san abin da nake roƙo ba. Ya ci, a rabe. Ya faɗi, ya tafi. Na buɗe baki in yi addu'a na rasa wadda zan yi, sai na ce Allah dai ya dawo da shi da ƙafafunsa. Can sai na jiyo, siriri, daga arewa. Murya biyu a haɗe, ba wata tsuwwa kusa da su. Na ce, "Inna, shi ne a gaba." Ta ce, "Na sani, na ga fuskarki."

Kafin amalanke ya iso da buhunan, matan sun riga shi. Da waɗanda suka tsaya jiya, da waɗanda suka ce sun tsaya, da waɗanda suka ji labari. Inna ba ta tambayi kowa ba. Ni na riƙe bakin buhu, ita tana ɗiba. Zuwaira ta karɓi nata ta ce, "Allah ya saka, amarya," amma idonta na cewa ai dama na sani akwai. Kwana biyu, abin da ya rage bai kai rabin buhu ba. Maigidana ya mayar wa Tagwaye kariya da wurin zama, ya sami mutum ɗaya mai zuwa Kurni. Suna sauka daga kwalta suka shiga yashi babur ya ƙi ja, ya yi zafi, cikinsa na ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Da turi suka dawo da shi. Lawali ya ce ai na faɗa. Aka jingine shi a zaure aka rufa masa tabarma. Kasuwa ta uku bayan tseren, maigidana ya bi mota. Ni da Inna muka shuka gonar, ita na sara ni ina binnewa da goyo a baya.

To ga inda kaina ke kullewa. Da ban daka ba, da ya faɗi ya tafi. Na daka, ya ci, ya tafi. Da na buga turmin haka nan ba komai ciki, kowace mace ta san ƙarar turmin wofi, ba wadda za ta zo, amma Inna ta hana, kuma ban ga laifinta ba. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce "na hagu!" maza na ji, da kunyar yini guda ce, buhu uku su zauna a ɗaki. Yaran yanzu daga tsakar kasuwa suke kiran miji a waya da sunansa su ce ya sayo tumatir, ba abin da ya faɗo daga sama. Mu kalma biyu ta fi ƙarfinmu. Amma kuma in buhunan sun zauna, mu ci mu kaɗai a bayan ƙofa, 'ya'yan Zuwaira na kuka ta danga? Ɗanta na biyu da ya ci dawar nan yana raye, jikokinsa na gaishe ni. Wani lokaci in ce asara na yi, wani lokaci in ce Allah ne ya ari hannuna ban sani ba. In na kama wannan sai wancan ya kuɓuce.

Damina biyu ya yi a kudu yana dakon buhunan siminti. Saƙo ya zo sau uku, daga nan shiru. Wata la'asar Inna ta tafi barka, ina tankaɗe, aka yi sallama a zaure. Murya ce shaƙaƙƙiya, ta dattijo, da tari a ƙarshenta. Na amsa daga ciki na ce, "Bawan Allah, maigidan ya yi tafiya. Sai tsohuwa, ita ma ta fita."

Aka ce, "To, zan jira ta."

Na ɗebi ruwa a ƙwarya na tura ta bakin ƙofa ba tare da na leƙa ba, kamar yadda ake yi wa baƙon namiji. Na ji an sha. Aka ce, "Na gode. Allah ya yi albarka." Na koma tankaɗena. Yana zaune a nan har rana ta kusa faɗuwa, sai ihun Inna na ji daga zaure tana kiran maigidana da sunansa na yanka.

Bayan kwana biyu, da na iya kallon fuskarsa, na ce, "Me ya hana ka ce kai ne?"

Ya yi tari, ya share baki da hannun riga. Ya ce, "Na ce ko a magana ta biyu za ki gane."